Zagaya ƙasashen Turai a mota da iyali: amsoshin tambayoyin da aka fi yi mini

A hutun bazarar yara muka ɗauki hanya, ni da maiɗakina da yaranmu uku. Mun tashi daga Kolon ta Jamus, muka bi ta Aachen, muka leƙa Holan, muka kwana a Brussels, muka gangara Faris, muka yanki gabas ta Reims zuwa Strasbourg, sannan muka hauro ta Luksamburg da Trier muka dawo gida. Kwana 10, ƙasashe 5, kimanin kilomita 1,500. Tun da hotunan suka shiga zauren WhatsApp na dangi wayata ba ta huta ba, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Shi ya sa na tattara su wuri guda, har da na waɗanda ke shirin zuwa daga gida da na mazauna nan.

Yaya, wai da gaske babu shinge ko ɗaya tsakanin ƙasashen nan?

Babu shingen da ka saba gani a Jibiya ko Maigatari ko Illela, inda za ka sauko ka bi tebur-tebur. Abin da za ka gani shi ne allo shuɗi mai zoben taurari 12 da sunan ƙasar a tsakiya, gaba kaɗan kuma wani allon da ke nuna iyakar gudu a cikin gari da wajen gari da kan babbar hanya. Idan kana cikin hira ma sai ka wuce ba ka sani ba, sai saƙo ya shigo wayarka yana yi maka barka da zuwa.

Asalin wannan tsari yarjejeniyar Shengen ce, wadda ƙasashe biyar suka sa wa hannu ranar 14 ga Yunin 1985 a cikin wani jirgin ruwa a kan kogin Moselle, kusa da ƙauyen Shengen na Luksamburg. Ƙasashen su ne Faransa da Jamus ta Yamma da Beljiyam da Holan da Luksamburg, wato su ne dai biyar ɗin da muka zaga. Sai a Maris na 1995 aka fara aiki da ita. Yanzu ƙasashe 29 ne a ciki, har da huɗu da ba sa cikin Tarayyar Turai: Suwizalan da Norwe da Aislan da Liechtenstein.

Amma kada wannan ya sa ka bar fasfo a gida. Ƙasa tana da ikon dawo da bincike na wani lokaci, kuma Jamus tana yin sa a dukkan iyakokinta na ƙasa tun Satumban 2024. Mu kanmu an tsayar da mu da muka ƙetaro daga Luksamburg, tafiyar mintoci kaɗan daga wurin da aka sa hannu kan yarjejeniyar, abin dariya. Jami'in ya ƙirga kawuna, ya ƙirga takardu, ya ce mu sauka lafiya. A ganina mota cike da baƙaƙen fata ta fi saurin jan ido a irin wannan wuri, don haka takardun kowa, har jariri, su kasance a gaban mota, kada a cusa su ƙarƙashin akwatuna a but.

Biza guda ta isa duk ƙasashen?

Ta isa. Ɗan Nijeriya da ɗan Nijar da ɗan Ghana da ɗan Kamaru da ɗan Chadi da ɗan Sudan duk suna buƙatar bizar Shengen, kuma ita ɗaya ce ke buɗe ƙasashen 29. Ƙa'idarta kwana 90 a cikin kowane kwana 180, amma abin da aka buga maka a jikin bizar shi ne naka. Wani kwana 15 kacal za a ba shi. Kuɗinta Yuro 90 ga babba tun Yunin 2024, Yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ƙasa da shekara 6 kuma kyauta, ban da kuɗin kamfanin da ke karɓar takardu. Ana neman inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da fasfo mai sauran aƙalla wata uku bayan ranar komawarka, da shafi biyu da ba a taɓa ba.

Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne zaɓen ofishin jakadanci. Doka ta ce ka nema a wurin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Idan kwanakin sun zo daidai, sai ƙasar da za ka fara sauka. Mutum ya ji an ce ƙasa kaza ta fi sauƙin bayarwa, ya karɓi bizarta, alhali tikitinsa da masaukinsa duk na wata ƙasa ne. A filin jirgi ana iya yi masa tambayoyi a kan haka, har a mayar da shi. Ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya, kuma mai iyali ya yi amfani da wannan dama, domin samun ranar ganawa ga mutum biyar a lokacin bazara aiki ne ja.

Mu da ke zaune a Turai da takardar zama fa?

Katin zama na ƙasar Shengen tare da fasfo mai rai sun isa ka yi yawo a sauran ƙasashen har kwana 90 cikin 180. Katin shi kaɗai bai isa ba. Wanda yake jiran hukunci kan neman mafaka, ko yake riƙe da takardar dakatar da kora da Jamusawa ke kira Duldung, kada ya kuskura ya ƙetara iyaka ko da sayen burodi zai yi. Wanda katinsa ya ƙare aka ba shi takardar wucin gadi, ya tambayi ofishin baƙi ko irin tasa tana ba da damar fita da dawowa, domin ba duka ke bayarwa ba. Idan kuma uwa ce kaɗai ko uba kaɗai zai yi tafiya da yaran, ko an haɗa ku da ɗan ƙanwa, a riƙe takardar amincewar iyayen da sa hannunsu da kwafin fasfonsu da takardar haihuwar yaron.

Lasin tuƙina na gida zai yi aiki?

Ga mai ziyara, lasin gida tare da lasin ƙasa da ƙasa. A Nijeriya hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ce ke bayar da shi. Shi na ƙasa da ƙasan tamkar fassara ce ta lasinka, ba ya tsayawa shi kaɗai, don haka ka riƙe duka biyun. Wanda ya tare a Jamus kuwa wata shida kawai lasin gida ke yi masa aiki, daga nan sai ya nemi na ƙasar.

Sauƙi ɗaya da muka samu shi ne hannun tuƙi. Duk nahiyar a hannun dama ake tafiya, kamar Nijar da Kamaru da Chadi, kamar Nijeriya tun 1972 da Ghana tun 1974.

Motar haya ko tawa?

Mu da tamu muka je. Mai zuwa daga gida sai haya, kuma ga abin da zai kiyaye. Kamfanonin suna neman katin bashi na banki mai sunan direban, su riƙe ajiya a kansa har ka dawo da mota lafiya. Yawancinsu ba sa karɓar tsabar kuɗi. Wanda bai kai shekara 25 ba ana ƙara masa kuɗi. Ka faɗa musu tun farko ƙasashen da za ka shiga, a rubuta a takarda, domin wasu na cajin kuɗin ƙetare iyaka, wasu kuma na hana kai manyan motoci wasu ƙasashe. Ɗaukar mota a ƙasa ɗaya a ajiye ta a wata yana da tsada ƙwarai, shi ya sa tafiyar zobe ta fi, ka ƙare a inda ka fara. Mai giyar hannu ta fi araha kuma ta fi samuwa. Mai son otomatik ya kama da wuri.

Maganar girman mota kuma, a nan babu "a matsa a gyara". Kujera biyar mutum biyar ne, jariri ma mutum guda ne, ba a rungume shi a cinya. Iyali mai mutum shida sai mota mai kujera bakwai, ita kuma idan an buɗe kujerun baya but ɗinta ba ya cin fiye da jaka biyu. Kafin ka ja motar ka zagaya ta da kyamarar waya, ka ɗauki kowane ƙarce da lotsawa.

Dole ne kujerar yara?

Dole ne, kuma ma'aunin ya bambanta. A Jamus yaron da bai kai shekara 12 ba kuma tsawonsa bai kai santimita 150 ba sai da kujerarsa. A Faransa har shekara 10 ne. Beljiyam da Holan santimita 135 suke bi. Tunda ba za ka riƙa canja kujera a kowace iyaka ba, ka bi mafi tsanani, wato 150, ka huta. Hayar kujera ta kwana goma sau da yawa ta fi kuɗin sayen sabuwa a kanti.

Mece ce matsalar da ta fi kama baƙon direba?

Shingen ne aka cire, dokokin hanya kowace ƙasa tana nan da nata, kuma a rana ɗaya kana iya ratsa dokoki iri uku. A nan na fi so a tsaya a karanta da kyau.

Fara da gudu. Babbar hanyar Jamus, wato Autobahn, a wasu sassanta babu iyaka, sai shawarar kilomita 130 a awa. Wasu sassan kuwa suna da allon 120 ko 100 ko 80. Kana shiga Holan da rana, daga ƙarfe 6 na safe zuwa 7 na yamma, yawancin manyan hanyoyi 100 ne. Beljiyam 120. Faransa da Luksamburg 130, idan ana ruwa 110. Ƙananan hanyoyin karkara na Faransa 80 ne tun 2018, ko da yake wasu yankuna sun mayar da nasu 90. Cikin Brussels kusan ko'ina 30 ne tun 2021, haka ma yawancin titunan Faris, kuma hanyar da ta kewaye Faris an rage ta zuwa 50 a Oktoban 2024.

Sai wani tarko: allon sunan gari shi kansa dokar gudu ce. Da zarar ka wuce shi ka shiga 50, ko ba a rubuta lamba ba. Ni wannan ya ci. A wani ƙauye tsakanin Reims da Metz na bar babbar hanya don neman mai, na wuce allon sunan ƙauyen ina lissafin inda za mu ci abinci, sai walƙiya fau a idona. Bayan 'yan makonni wasiƙa ta same ni har gida a Jamus, a rubuce da Jamusanci don kada in ce ban gane ba: tarar Yuro 135, idan an biya da wuri 90. Ƙasashen suna musayar bayanan lambobin mota. Idan motar haya ce kamfanin zai miƙa sunanka, ya kuma cire nasa ladan wahalar daga katinka. Babu ɗan sandan da za ka roƙa, babu "Oga a yi haƙuri", na'ura ce.

A mahaɗar da babu fitila babu allo, mai fitowa daga damanka shi ke da hanya, ko da lungu ya fito kai kana kan titi mai faɗi. Beljiyam da Faransa da unguwannin Jamus duk haka ne. Alamar lu'u-lu'u mai launin rawaya ita ke nuna cewa hanyarka ce babba. A Autobahn ba a wuce mota ta dama, kuma layin hagu na wucewa ne kawai, ka wuce ka koma. Kafin ka shiga shi ka dubi madubi sau biyu, domin ɗigon da ka hango can nesa cikin daƙiƙa uku ya zama mota a ƙeyarka. Idan cunkoso ya tsaya, na layin hagu su raɓe hagu, sauran su raɓe dama, a bar tsakiya ga motar asibiti da ta kashe gobara. Ƙarewar mai a Autobahn laifi ne da ake cin tara a kansa. Ƙaho na gargaɗin haɗari ne, ba a gaisawa da shi. Mai tafiya a ƙasa idan ya doso zanen tsallakawa, tsayawa ake yi cak. Lambar gaggawa a ko'ina 112 ce, kuma a mota a samu alamar kusurwa uku da rigar ƙyalli.

Nawa ake biya na hanya?

Jamus da Beljiyam da Holan da Luksamburg ƙaramar mota ba ta biyan kuɗin babbar hanya, ban da wasu 'yan ramukan ƙarƙashin ruwa. Faransa ce mai shingen karɓar kuɗi. Ka ciri tikiti a mashiga, ka biya a mafita gwargwadon nisan da ka yi. Daga Faris zuwa Strasbourg, tafiyar kusan kilomita 490, ta ci mana wajen Yuro 40. A bakin shingen ka bi layi mai koren kibiya ko hoton kati. Layin da ke da harafin "t" mai ruwan lemo shi kaɗai na masu na'ura a gilashi ne, idan ka shiga sai ka tara jama'a a bayanka. Hanyar A13 mai zuwa Normandi kuma an cire mata shinge gaba ɗaya, kyamara ke ɗaukar lamba, kai kuma ka biya ta intanet cikin awa 72.

Ostiriya da Suwizalan sitika suke sayarwa. Ostiriya tana da ta kwana 1 da ta kwana 10. Suwizalan ta shekara kawai gare ta, faran 40 na kuɗinsu, ko da awa biyu za ka yi.

Akwai kuma sitikar hayaƙi. Tsakiyar biranen Jamus da dama, har da Kolon, sai mota mai koriyar sitika. Faransa tana da tata mai suna Crit'Air, ana odarta a shafin gwamnati a kan ƙasa da Yuro 5, kuma tana ɗaukar kwanaki kafin ta iso. Brussels ba ta da sitika, amma motar Jamus sai an yi mata rajista ta intanet, kyauta.

Man fa?

Ka san sunan abin da motarka ke sha a kowane harshe. A Faransa gazole shi ne dizal, essence ko SP95 shi ne fetur. A Italiya gasolio dizal ne, benzina fetur. Kai za ka zuba da hannunka. Gidajen mai na kan babbar hanya sun fi tsada nesa ba kusa ba. A Faransa na manyan kantuna sun fi sauƙi, a Luksamburg kuma mai ya fi na maƙwabtanta araha saboda ƙarancin haraji, shi ya sa ƙauyen Shengen da kewayensa gidajen mai suka yi musu yawa.

In shiga tsakiyar birni da motar?

A'a. Motar ta kai ka bakin gari, daga nan aikinta ya ƙare. Mun yi kuskuren shiga Brussels da ita da yammacin ranar aiki, muka shafe fiye da awa muna zagaye tsakanin tituna masu hanya ɗaya da layin tiram, wato jirgin ƙasan da ke bin titin cikin gari, da masu kekuna, yara na kuka, ni da uwarsu kowa ya ɗaure fuska. Daga ranar muka canja tsari. A Faris mun kama masauki a bayan gari mai wurin fakin kusa da tashar RER, wato jirgin ƙasan da ke shiga tsakiyar birnin, motar ta kwana uku ba a taɓa ta ba. Strasbourg ta fi kowa iya wannan: ka ajiye mota a filin da aka rubuta P+R, tikitin fakin ɗin ya haɗa da kuɗin tiram na zuwa da dawowa ga duk mutanen cikin motar. A Luksamburg kuwa bas da tiram da jirgin ƙasa duk kyauta ne a faɗin ƙasar tun 2020.

Masu keken jariri su sani cewa tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Faris matakala ce zalla a mafi yawansu. Bas ya fi muku, ga shi kuma ana kallon gari. Kada a bar ko jakar banza a kan kujerar mota a inda aka faka.

Birane nawa ya kamata a haɗa a kwana goma?

Manyan birane uku sun isa, sauran su zama wuraren ya da zango. A taswira Turai ƙarama ce. Kolon zuwa Brussels bai wuce Kano zuwa Kaduna ba, Brussels zuwa Faris kuma kilomita 300 da 'yan kai. Wannan kusancin ne ke ruɗar mutum ya jera Amsterdam da Faris da Milan da Prag a mako ɗaya, ya ƙare bai ga komai ba sai kwalta da ɗakin otal. Tuƙin awa uku a rana shi ne abin da yaranmu suka iya ɗauka ba tare da rigima ba, sai a tsaya kowace awa biyu. Wuraren hutawa na hanyoyin Faransa suna da lilo da teburan cin abinci. Ka guji Asabar ta ƙarshen Yuli da ta farkon Agusta a Faransa, ranar da rabin ƙasar ke tafiya hutu rabi ke dawowa.

Me yaran suka fi so?

Ba abin da muka fi kashe wa kuɗi ba. A saman tudun Vaals, kusa da Aachen, akwai wurin da Jamus da Holan da Beljiyam suka haɗu a kan dutse guda. Tudun mita 322 ne, kuma shi ne wuri mafi tsayi a Holan ta nahiyar Turai, abin da zai ba mutumin Jos dariya. Yaran sun shafe awa suna zagaya dutsen suna ihun sun je ƙasa uku a daƙiƙa biyar. A Strasbourg kuma akwai gadar masu tafiya a ƙasa a kan kogin Rhin, ka taka daga Faransa ka sha ayis kirim a garin Kehl na Jamus ka dawo.

Cocin Kolon an fara gina ta a 1248, ba a gama ba sai 1880, tsawonta mita 157, matakalar hasumiyarta 533. Babban ɗanmu ya hau da ni, ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya don ya kama masu littafi da ƙarya. A Brussels dandalin Grand-Place ya fi kyau da daddare, Atomium kuma, ƙwallayen ƙarfen nan tara da aka gina don baje kolin 1958, yara na son shiga cikinsu. Hasumiyar Eiffel ta 1889 a Faris gara a sayi tikiti mai lokaci tun kafin a zo. Hawa da ƙafa zuwa bene na biyu matakala 674 ne, ya fi araha, layinsa ma ya fi gajarta. Tana ƙyalƙyali na minti biyar a farkon kowace awa bayan duhu ya yi, sai dai a Yuli duhun ba ya yi sai bayan goma na dare, ƙaramarmu ta yi barci a kafaɗata ba ta gani ba. Gidan tarihi na Louvre a rufe yake ranar Talata, 'yan ƙasa da shekara 18 kyauta suke shiga, amma awa biyu ta ishe su. A Trier mun tsaya a ƙofar Porta Nigra da Rumawa suka gina wajen shekara ta 170, muka yi hoto muka wuce.

Na koyi cewa wuri ɗaya babba a rana ya isa, a je shi da safe, yamma kuma a bar ta ga filin wasa.

Abinci da sallah fa?

Halal ba ya wuya a manyan birane. Shagunan Turkawa da Larabawan Maroko da Aljeriya suna ko'ina. A Kolon akwai titin Keupstrasse, a Brussels unguwar Matonge ta 'yan Afirka, a Faris kuma Château-Rouge, inda za ka samu kuɓewa da manja da garin rogo da busasshen kifi. A kanti ka haddace kalmomin naman alade: Schwein da Schinken da Speck a Jamusanci, porc da jambon da lardons a Faransanci, varken a harshen Holan. Alewar yara mai danƙo sau da yawa da gelatin na alade ake yin ta, a duba bayan leda. Ruwan famfo ana sha. A gidan abinci na Faransa tulun ruwa kyauta ne idan ka nema, a Jamus kuwa saya ake yi, kuma idan ba ka ce marar gas ba mai gas za a kawo maka. Mu masauki mai kicin muka riƙa kamawa, da 'yar tukunyar shinkafa da yajinmu a but. Kantunan Jamus a rufe suke ranar Lahadi, sai na tashar jirgi da gidan mai, don haka cefanen Lahadi ranar Asabar ake yin sa.

Babban masallacin Kolon yana unguwar Ehrenfeld. Na Faris an buɗe shi a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi na ƙasashen da Faransa ta mallaka waɗanda suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma lambunsa wuri ne mai kyau na hutawa da yara. Strasbourg ma tana da babban masallaci da aka buɗe a 2012. A kan hanya ƙasaru da jam'i sun sauƙaƙa mana, mu shimfiɗa darduma a gefen ciyawa nesa da mutane. A tsakiyar bazara magariba tana kaiwa kusan goma na dare, asuba kuma ta yi sammako sosai. Banɗaki babu buta, kowa ya riƙe gorarsa, kuma na kan hanyar Jamus Yuro 1 ake sakawa kafin ƙofa ta buɗe.

Hajiya tana sa niƙabi, akwai damuwa?

Hijabi da mayafi da doguwar riga babu dokar da ta hana mai yawon buɗe ido sa su a titi. Rufe fuska ne aka hana a bainar jama'a a Faransa da Beljiyam tun 2011, Ostiriya tun 2017, Denmak tun 2018, Suwizalan tun Janairun 2025. A Holan an hana shi a motocin haya na jama'a da asibitoci da makarantu da ofisoshin gwamnati. A tattauna wannan a gida kafin a sayi tikiti.

Zan iya zuwa da kilishi?

Nama da madara da duk abin da aka yi da su ba a shigo da su Tarayyar Turai daga ƙasashenmu. Kilishi da dambun nama da man shanu da cuku duk suna ciki, a ƙwace, wani lokaci har da tara. Kuka da daddawa da yaji da garin kunu ba su shiga wannan hani ba. Tsabar kuɗi da ta kai Yuro 10,000 ko kwatankwacinta sai an bayyana wa kwastan.

Idan yaro ya yi rashin ji a titi?

Ka riƙe hannunka. Dukan yaro haramun ne a dokar Jamus tun 2000, a Faransa tun 2019, kuma wanda ya gani yana iya kiran 'yan sanda. Ba a kuma barin yaro shi kaɗai a mota ko na minti biyar. Kowane yaro mun sa masa takarda mai lambar wayata a aljihu, muka kuma koya musu cewa jan layin da ke gefen titi hanyar kekuna ce, masu keken Holan kuwa ba sa taka birki don baƙo.

Tunda an zo Faris, me zai hana a leƙa Landan ko Janeba?

Birtaniya ba ta cikin Shengen, bizarta daban ce, kuma a can hagu ake tuƙi. Jirgin da ke ɗaukar motoci ta ramin ƙarƙashin teku daga Calais zuwa Folkestone minti 35 yake yi, amma tun a ɓangaren Faransa jami'an Birtaniya ke duba fasfo. Idan bizarka ta Shengen ta shiga ɗaya ce, fitar nan ta kashe ta, ba za ka dawo ba. Ailan ma haka take.

Janeba kuwa bizarka ta isa, tunda Suwizalan tana cikin Shengen. Sai dai akwai kwastan a bakin iyaka, naman da ya wuce kilo ɗaya ga mutum guda ana biya masa haraji, kuɗinsu faran ne, ga sitikar hanya ta faran 40. Layin wayar da ka saya a Jamus ko Faransa yana aiki a duk Tarayyar Turai ba ƙarin caji tun Yunin 2017, amma Suwizalan ba ta cikin wannan tsari, kuma ba kowane kamfani ne ke haɗa ta a kunshinsa ba. Ka sauke taswirar a wayarka tun kana otal, ka kashe data kafin ka kai iyakar, ka kuma karɓe wayoyin yaran da ke kallon bidiyo a kujerar baya.